Sukarin Buzu, Magin Ba'adare

A Tawa kowa likita ne, muddin ciwon a gidan maƙwabci yake. Da zarar an ce wane ya faɗi a bayi da asuba, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi, to kafin a kai shi asibiti mu mun gama bincike. Daga Bilbis har Wadata, a fada, a bakin masallaci, a rumfar mai nama, kowa ya san abin da ya kayar da shi, kuma ba a taɓa samun dalilin a tukunyar mai magana ba. In Buzu ne ya faɗi, mu Adarawa mu ce sukari ne. In Ba'adare ne, Buzaye su ce mai da magi. In Balarabe ne, a taru a ce nama da zaman shago. Bafillace kuwa in ya faɗi, sai a yi jim, a ce wannan kam iska ce, don a lissafinmu mutumin da ke bin shanu daga Tabalak har Azawak ba shi da haɗi da shanyewar ɓarin jiki.

Ku zo fadarmu bayan isha'i ku sha labari.

"Kai Buzu, wanga abu da kake zuba ma butar ga, shayi kake dahwawa ko alewa?"

Buzu ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ɗaga buta sama, ya tsiyayo shayin cikin ɗan kofi har kumfa ta taso, ya mayar, ya sake tsiyayowa.

"Alhaji, zagaye ukku ka sha jiya, ban ji ka ce a rage ba. Mu da shi kakanninmu sunka tsuhwa. Ku ne ba ku iya miya ba sai da dunƙule biyar."

"Dunƙule ai ɗanɗano ne."

"Sukari ma ɗanɗano ne."

Dukansu biyu suna jingina da kakanni, alhali kakannin ba su san ko ɗaya ba. Shayi bai game tantunan Azawak ba sai a ƙarnin da ya wuce, dunƙulen magi kuwa ya fi shi ƙuruciya. Tsofaffin Adar da daudawar batso suka yi miya, tsofaffin Buzaye da nono da gero da cuku suka rayu. Wannan tsiya da muke wa juna ba ta kai mu ga faɗa, ƙasar wasan taubashi ce, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, har UNESCO ta sa wasan cikin kayan gadon duniya a 2014. Illar kawai, wasan ya bi mu har cikin maganar lafiya, ya ba kowa wurin ɓuya. Laifi tudu ne.

Shi ciwon kansa ba wuyar ganewa. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a garkar albasa wajen Tamaske ko Keita ya san halin tiyo: in inji ya yi ƙarfi fiye da kima, ko dai ya tsage a inda ya yi laushi, ko datti ya taru ya toshe shi, ko ta yaya dai fangalin da ke gaba zai bushe. Jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ke nan. In ta toshe ko ta fashe a hagu, ɓarin dama ne ke mutuwa, sau da yawa har da magana. Abin da ya fi kowane ƙara wa injin wuta shi ne hawan jini, tansiyo, wanda majo, wato ma'aikacin jinya, ke aunawa ya ce maka 14/9, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce 140/90. Daga nan zuwa sama an shiga gonar haɗari, kuma ba ya sallama. Binciken STEPS da aka yi a Nijar da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin manya biyar na ɗauke da shi.

Akwai wani tsohon majo da ya yi ritaya a cikinmu, shi ne ya jefo maganar Amurka wata rana, ya kuwa tayar da ƙura. A can an daɗe da lura cewa baƙar fata sun fi farare faɗuwa, kuma sun fi su faɗuwa da wuri, musamman a jihohin kudu maso gabas irin su Alabama da Misisipi da Jojiya. Tsakanin 2003 da 2007 wani bincike mai suna REGARDS ya ɗauki mutum sama da 30,000, baƙaƙe da farare, aka yi ta bin su shekara da shekaru. Abin da aka gano ya isa a tsaya a kansa: in lambar sama ta tansiyo ta ƙaru da ɗaya a irin lissafinmu, a ce daga 14 zuwa 15, haɗarin Bature yana ƙaruwa da kashi 8 cikin ɗari, na baƙin mutum kuwa da kashi 24. Hawa ɗaya, ɓarna ninki uku.

Kusa da gida ma an yi. Binciken SIREN, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, ya bi asibitocin Najeriya da Gana, har da na koyarwa a Kano da Zariya, inda masu jinya irinmu ne, abincinsu irin namu. A 2018 suka fitar da sakamako kan mutum 2,118 da ciwon ya kama, kowanne an gwada shi da wani mai lafiya sa'ansa. Kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. Kusan ɗaya cikin uku jijiya ce ta fashe, ba toshewa ba, alhali a Turai da Amurka irin wannan bai cika wuce ɗaya ko ɗaya da rabi cikin goma ba. Da aka jera su da na Amurka, sai ga hawan jini a jikin fiye da tara cikin goma na 'yan Afirka da suka faɗi, wajen takwas cikin goma na baƙaƙen Amurka, shida da 'yan kai na farare.

Majo na rufe baki Alhaji ya tafa hannu.

"To ka ji! Ashe cikin jini abin yake. Mi za a yi? A zubo shayi."

Balarabe mai shago kuwa ya gyara rawani, ya ce shi wannan lissafi bai shafe shi ba, a dubi fatarsa. Majo ya ce, "Sannu, ɗan'uwan Kuwaiti." Don in ana maganar ciwon sukari, wanda shi ma babbar ƙofa ce ta shanyewar jiki, ƙasashen Larabawa suna sahun gaba a duniya: a ƙididdigar 2021, kusan ɗaya cikin manya huɗu a Kuwaiti, ɗaya cikin biyar a Masar. Su ma kakanninsu makiyaya ne da masunta da manoma, ba su san wannan ba sai da kuɗi da mota da zama suka zo.

Ni maganar Alhaji ce ta fi damuna, don ita ce maganarmu duka. Mun iya karɓar labari mu mai da shi matashin kai. In an ce abin na ƙabilar wani ne, mu ce mun tsira. In an ce namu ne, mu ce gado ne, ba makawa. Ko ta ina dai kada a taɓa mana tukunya.

Amma akwai wani lissafi da ke kwance wa wannan magana zane a kasuwa. A 1997 Richard Cooper na Jami'ar Loyola a Shikago da abokan aikinsa suka auna baƙaƙen mutane masu tushe ɗaya a wurare uku: Najeriya da Kamaru, tsibiran Karebiyan irin su Jamaika da Barbados, sai wata unguwa a gefen Shikago. Hawan jini ya fito kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a Karebiyan, 33 a Amurka. Da jini ne kaɗai ke magana, da a nan tushen abin zai fi yawa. Sai ya zama yana hawa ne tare da nauyin jiki da gishirin abinci da irin zaman da mutum ke yi.

Mu Adarawa ba mu buƙatar zuwa Shikago mu ga haka, Abijan ta ishe mu. Yaro ya bar ƙauyensu wajen Barmu ko Kalfu, siriri, ƙafarsa ta saba da gona da rijiya. Ya yi shekara goma sha biyar a bakin teku, yana zaune a shago ko yana tsaye kan kaskon garba, rogo da soyayyen kifi, a murmushe dunƙule a kai, a kwarara man da aka soya kifin tun safe. Namu ne suka yi suna da sayar da shi a can, kuma mai sayarwa ba ya kwana da yunwa. Ya dawo da tumbi da babbar riga, ya gina soro, mu taru mu ce, "Masha Allahu, wane ya ji daɗi, dubi wuyansa." Wansa da ya zauna gida yana noma gero, uwa ɗaya uba ɗaya, har yanzu yana ɗaukar dami a ka. In ƙanen ya faɗi yana ɗan arba'in da biyar, sai mu ce an yi masa baki don ya yi arziki.

Buzaye da Filani ma sun yi tasu tafiyar ba tare da sun ƙetare iyaka ba. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, suka tura dubban iyalai zaman gari, Abalak da Cintabaraden da nan Tawa suka cika. Wanda da yake yini a bayan raƙuma ya koma gadi, ko dillanci, ko tuƙin mota. Nono ya ja baya, shinkafa da taliyar Aljeriya da man jarka suka maye gurbi. Shayin da ake sha bayan tafiyar yini guda yanzu a kan tabarma ake shan sa safe da rana da dare. Ga taba da ake cusawa a kunci haɗe da kanwa ko toka. Sunan ƙabilar bai sauya ba, rawanin ma yana nan, amma jikin na birni ne. Bafillacen fadarmu da ke cika baki da tafiyar kakanninsa, waya yake sayarwa, ko masallacin unguwa a babur yake zuwa.

Masu binciken SIREN sun lissafa abubuwa goma sha ɗaya da suka ɗauke kusan dukan nauyin ciwon, kuma duka abin da hannu zai iya taɓawa ne. Bayan hawan jini da kitsen jini da sukari da tumbi da ciwon zuciya da taba da rashin motsi da damuwa, akwai uku da suka shigo mana har madafa: ƙara gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, cin nama a kai a kai, da rashin cin ganye.

Ku leƙa madafar kowane gida da la'asar. An soya albasa da tumatir, uwargida ta ɓare dunƙule biyu ta murmushe da yatsu, ta ɗanɗana, ta ƙara na uku, ta bi da gishiri, ta jefa 'yar kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya yi laushi. A kai wa maigida, kafin ya kai loma baki ya ce a miƙo yaji, yajin nan kuwa da gishiri da dunƙule aka daka shi. Wajen rabin dunƙule gishiri ne tsantsa. Kanwa ma 'yar gidansu gishiri ce, sinadarin da ke hawar da jini yana cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da na miya da na burodi da na tsire da na kilishi. Mu wannan cokali tun a kalaci muke gama da shi. A nan babu Buzu babu Ba'adare, shagon Balarabe ɗaya muke saye, kwali ɗaya ake ɓare mana.

Maganar ganye ta fi ba ni dariya. Allah ya ba mu zogale da rama da yakuwa da tafasa da lalo, ranar Lahadi kasuwar Tawa ba a rasa su, ga kabeji da salati daga garake lokacin sanyi. Amma a idonmu kwaɗo abincin mata ne da na shekarar yunwa. Ka ajiye wa babban baƙo kwanon kwaɗon zogale ka ga yadda labarinka zai zaga gari. Mutum in ya samu, alamar farko ita ce ya daina cin ganye ya koma wajen mai balangu kowane dare. Makiyayi a daji, duk da garkensa, ba ya yanka sai da dalili, suna ko baƙo ko salla. Ɗan birni mai albashi ya fi shi cin nama nesa ba kusa ba.

Ɓangaren mata kuwa sai a yi a hankali, kada a hana mu tuwo. Dukanmu muna son ƙiba, bambancin kawai hanyar da ake bi. Larabawan Azawak sun shahara da ɗura wa 'yan mata nono da fura tun suna ƙanana, har wata mai nazarin al'adu, Rebecca Popenoe, ta zauna cikinsu ta rubuta littafi sukutum a kai. Mu a gari muna yi musu dariya, alhali amaryarmu ƙwayar deksa take saya a tiren mai yawo don ta cika ido kafin biki, ƙwayar da ke kumbura fuska ta kuma hawar da jini da sukari. Ga jego: kunun kanwa kofi bayan kofi, ga wankan tafasasshen ruwa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta wannan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, zuciya mai rauni kuwa tana iya tura gudan jini zuwa ƙwaƙwalwa. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga da ciki ma, ko ta haihu lafiya, ya kamata a ci gaba da auna ta. Mu da an yi suna an watse, magana ta ƙare.

Ba a ce jini ba shi da nasa rabo ba. Yana da shi, kuma inda yake da shi ɗin ne ba mu kula ba. Jikin baƙaƙe da yawa ya fi riƙe gishiri, shi ya sa gishirin da wani zai ci ya wuce lafiya, wani zai hawar masa da jini, shi ya sa kuma ba kowane magani ke yi mana aiki daidai ba. A 2019 Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranci gwaji kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Wannan magana ce ta likita da mai jinya. Amma mu, in ɗa ya aiko wa uwarsa magani daga Faransa ko Libiya, sai ta raba wa kishiya da maƙwabciya, wai na waje ya fi ƙarfi.

Sai sikila, amosanin jini, wanda shi kam gado ne na gaskiya. In uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayarsa, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Yaro mai sikila, in ba a tsare ba, wajen ɗaya cikin goma na samun shanyewar jiki kafin shekara 20, wani tun bai shiga makaranta ba. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, an nuna cewa ana iya duba gudun jini a kan yaro da na'ura, a gane wanda ke bakin haɗari, a sa shi kan maganin haidroksiyuriya. A Yamai ma akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo. Auren gida kuwa, ɗan wa da 'yar ƙane, Ba'adare na yi, Bafillace na yi, Buzu na yi, Balarabe na yi. A nan ne ya kamata a ce "jininmu ne" a je a auna kafin a kai goro, a nan ne kuma ake cewa kada a kawo mana bidi'a cikin zumunci.

Ranar da abin ya faɗo, duk ƙabilun sai su koma gida ɗaya. A ɗauko mutum a shimfiɗe, a ɗura masa ruwan rubutu alhali maƙogwaronsa ba ya haɗiya, ruwan ya bi ta huhu. A kira wanzami ya kafa ƙaho. Wani ya ce ya gani a WhatsApp a tsattsaga yatsu da allura. Wani ya kawo asfirin, ba tare da an san ko jijiyar fashewa ta yi ba, in kuwa fashewa ce an ƙara wa jini hanya. Addu'a ba ta hana a tayar da mota, ana iya yin ta a cikin motar. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe: ko ɗaya aka gani, asibiti. Maganin narkar da gudan jini, a inda ake da shi, awa huɗu da rabi kawai yake da ita daga faɗuwa, sai kuma an ɗauki hoton kai. Daga Abalak zuwa Tawa kilomita wajen 135 ne, daga Tawa zuwa Yamai wajen 550, mutumin rugar da ke bayan Tasara kuwa kafin ya ga kwalta ma aiki ne. In akwai abin da ya raba Buzun daji da Bahaushen gari a wannan ciwo, to wannan hanya ce. Shi ya sa a wurinmu dabarar duka tana kafin faɗuwa: a auna, in an samu a sha magani kullum.

Kullum ɗin nan ce ba mu iya ba. Mu sha kwali ɗaya, ciwon kai ya lafa, mu ce mun warke. Ko kuɗi su yanke. Ko azumi ya zo a ajiye sai bayan salla, maimakon a tambayi likita yadda za a mai da shi sahur ko buɗa-baki. Ko a koma tafarnuwa da zoɓo, zoɓon ma a cika shi da sukari har cokali ya tsaya.

Da majo ya gaji da musunmu, sai ya zo fada da abin awonsa cikin 'yar jaka, ya ce yau kowa ya miƙo hannu. Nan take mutum biyu suka tuna ba su yi shafa'i da wutiri ba. Buzu ya naɗe hannun riga yana dariya, aka samu 15/9, ya ce hayaƙin gawayi ne. Balarabe 16/10, ya ce rana ya sha a kan babur, alhali ƙarfe tara na dare ne. Bafillace 14/9 cif, ya ce a rubuta shi ne na ɗaya. Alhaji ya ce shi ba a auna shi gaban yara, sai da aka kore su, aka ɗaura masa, abin ya kumbura ya saki, majo ya duba ya yi shiru, ya ce a sake a ɗaya hannun.

"Nawa ne, Majo?"

"Alhaji, gobe da sahe ka biyo ni mu ga likita."

Alhaji ya karɓi na'urar, ya juya bayanta, ya kai ta kusa da fitila yana ƙifta ido.

"Na sani. Ɗan Cana ne. Ina wanga abu ya san jinin Ba'adare?"